Bututun iska a gini: abin da ƙa'ida ta ce da yadda ake lissafinsa

Duk mai shirin gina zauren biki, asibiti ko ofis a Zariya ya san sai ya nemi izini daga KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna. Abin da aka fi mantawa shi ne hanyar iska ma tana cikin zanen gini. Kundin Gine-gine na Ƙasa na 2006 ya ɗora aikin zane a wuyan ƙwararru masu rajista, kuma ɓangaren na'urori na injiniya ne wanda COREN, hukumar kula da aikin injiniya a Najeriya, ta yi wa rajista. Mai walda na Sabon Gari, komai gwanintarsa, nasa lanƙwasa kwano ne bisa awon da aka ba shi.

To, daga ina awon yake fitowa? Injiniyoyinmu sun fi dogara da ƙa'ida mai lamba 62.1 ta ASHRAE, ƙungiyar injiniyoyin ɗumama da sanyaya gini ta Amurka. Ba dokar Najeriya ba ce, amma da ita ake aiki. Ga ofis, tana neman sabuwar iska daga waje lita 2.5 a kowace daƙiƙa ga mutum ɗaya, a ƙara lita 0.3 ga kowane murabba'in mita na ɗakin.

A ce ofis ne a Samaru mai murabba'in mita 100, ma'aikata 20. Mutanen na buƙatar lita 50, ɗakin 30, jimla lita 80 a daƙiƙa. Sai a raba wannan da gudun da ake so iskar ta yi. Idan mita 4 ne a daƙiƙa, bayan an mayar da awon duka zuwa santimita, bakin bututun zai zama murabba'in santimita 200, wato 10 a tsaye, 20 a kwance.

Wannan fa na numfashi ne kawai. Iskar sanyaya ɗaki ta fi haka nesa ba kusa ba: kowane tan ɗaya na ƙarfin na'urar sanyaya ɗaki (tan a nan awon sanyi ne, ba nauyi ba) yana tura kusan lita 190 a daƙiƙa. Na'ura mai tan 5 ke nan tana son babban bututu wajen santimita 40 da 50, idan gudun mita 5 ne. A nan rigimar take tashi. Maigida ya riga ya buga silin ƙasa-ƙasa, sai ya ce a matse bututun ya shiga. Ana matsewa iska za ta ƙara gudu, ƙugi ya dami mutane, fanka ta sha wuta, ɗakin ƙarshe kuma ya zauna da zafinsa a tsakiyar bazara. Kowace kwana da aka ƙara wa bututu ma tana rage ƙarfin iskar.

Ni a ganina babbar matsalarmu ita ce esi ɗin bango, wadda kowa ke maƙalawa ya kulle tagogi. Yawancinsu ba sa shigo da iskar waje. Ta cikin ɗakin suke juyawa. Mutum ɗari uku a zauren biki, ƙofa a rufe, sanyi ya samu amma numfashin juna ake shaƙa. Irin wannan zaure yana buƙatar fanka da bututun sabuwar iska daban, da matatar ƙura saboda hunturu. Matatar ma idan ta toshe lissafin ya rushe, don haka a bar mata ƙofa a silin inda hannu zai kai a ciro ta a wanke.