Gangamin hana kashe kai: da me za mu gane ya yi aiki?

Tun daga shekarar 2003, duniya ta ware ranar 10 ga Satumba domin wayar da kai a kan matsalar mutum ya kashe kansa. Ana liƙa fastoci, ana sa sanarwa a rediyo, ana yaɗa bidiyo a Facebook. Bayan mako guda sai rahoto ya fito: mutum kaza sun gani, kaza sun tura wa wasu. Ni ma'aikacin lafiya ne, kuma wannan lissafi bai taɓa kwantar min da hankali ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ne ke halaka kansu duk shekara. Wanda ya shiga irin wannan aiki, wajibi ne ya san ko saƙonsa ya tsare rai, ba yawan idon da ya kalla kawai ba.

Abin da ya sa nake dagewa shi ne, magana a kan wannan al'amari tana iya warkarwa, tana iya cutarwa. A birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, jaridu sun riƙa zuzuta labarin masu kashe kansu a tashoshin jirgin ƙasa, abin kuma ya yi ta ƙaruwa. A 1987 masana suka fitar da ƙa'idojin ba da irin wannan labari, 'yan jarida suka bi, cikin 'yan watanni adadin ya faɗi da fiye da rabi. A Amurka kuwa, bayan ɗan wasan fim ɗin nan Robin Williams ya kashe kansa a 2014, kafafen labarai kuma suka yi ta bayyana yadda abin ya faru, bincike ya nuna adadin masu kashe kansu ya haura da kusan kashi 10 cikin ɗari a watannin da suka biyo baya. Mai rauni a zuciya yana karanta labarin ne yana ganin kansa a ciki.

Akwai ɗaya gefen, kuma shi ne mai daɗin ji. Wani bincike da aka wallafa a 2010 ya gano cewa labaran mutanen da suka shiga ƙunci, tunanin mutuwa ya zo musu, amma suka nemi taimako suka fita, suna tafiya tare da raguwar adadin. Ke nan saƙon da ke nuna ƙofar fita ya fi wanda ke nuna gawa.

Bari in ɗan ratse zuwa ɗakin tiyata, don likitocin ƙashi sun koyi darasin bin diddigin sakamako da tsada. Akwai aikin da ake yi wa mahaɗar ƙugu da cinya idan ta cinye: maimakon a yanke kan ƙashin cinyar, sai a goge shi a sa masa hular ƙarfe. Marasa lafiya sun miƙe suna tafiya, kowa yana yabo. Rajistar da ke bin diddiginsu shekara da shekaru, irin ta Ingila da ta Ostareliya, ita ta tona cewa wasu samfuran suna lalacewa da wuri, musamman a jikin mata, har aka janye wani samfurin hular da ake kira ASR daga kasuwa a 2010. Da yabon ranar sallama aka tsaya a kai, da ba a gane ba.

Haka ya kamata a bi gangami. A san yadda abubuwa suke kafin a fara, a sake aunawa bayan wata shida da bayan shekara, a kwatanta da yankin da saƙon bai isa ba. Ƙidayar mace-mace kaɗai ba ta isa, don iyalai da yawa suna ɓoyewa saboda kunya. Sai a duba: masu kiran lambar taimako sun ƙaru? Masu zuwa asibiti da ciwon damuwa fa? Abin da ya fi ci min rai shi ne a ce wa mutum ya kira, ya tattaro ɗan ƙarfin da ya rage masa ya kira, ba wanda ya ɗaga. Kada a saki sanarwa sai an tanadi mai amsawa.

Kai kuma mai karatu, idan labarin wani da ya kashe kansa ya zo wayarka, kada ka tura hoto ko bayanin yadda aka yi. Idan ɗan'uwanka ya fara cewa ya gaji da rayuwa, ko ya janye daga mutane, ko yana rabar da kayansa, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciya. Idan ya ce eh, ka saurara ba tare da faɗa ba, ka kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, kada ka bar shi shi kaɗai, ku tafi asibiti tare a ranar.