Ma'anar hawan jini, ciwon da ba ya bayyana a fuska

A ƙauyukan Kano da Jigawa, daga Bichi har Birnin Kudu, kalmar hawan jini ta shiga bakin kowa, har uwa kan ce wa ɗanta mai ƙiriniya kada ya sa mata hawan jini. Sai dai yawan ambatonta bai sa an fahimce ta ba. Mutane da dama sun ɗauka jini ne ya yi wa jiki yawa, shi ya sa wasu ke zuwa wurin wanzami a yi musu ƙaho domin a rage shi, wasu kuma suna ganin ɓacin rai ne kawai da ke tashi ya kwanta.

Abin da likitoci ke nufi daban ne. Zuciya tana harba jini cikin jijiyoyi, jinin kuma yana tura jikin jijiyoyin da wani ƙarfi, kamar yadda ruwan injin ban ruwa ke cika tiyo a fadama. Idan ƙarfin ya wuce ƙa'ida kuma ya zauna a haka, shi ne hawan jini. Awon yana ba da lamba biyu, ta sama lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa lokacin da ta saki. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka auna a ranaku biyu mabambanta aka samu lambarsa ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, yana da hawan jini, ko da kuwa bai taɓa jin ciwon kai ba.

Wahalar zama da wannan ciwo ita ce ba a ganinsa. Mai zazzaɓi yana kwance ana zuwa gaishe shi, amma mai hawan jini yana zuwa gona, yana cin kasuwar mako, yana sahun gaba a masallaci. Idan magidanci ya ce zai ware kuɗin magani kowane wata, sai a ce ai lafiyarsa ƙalau. Idan matar aure ta nemi a rage gishiri da ɗunƙule a tukunyar gidan da ake ci tare, ana iya kiran abin iyayi, alhali abin da aka shawarci babban mutum ya ci a yini bai kai gram 5 na gishiri ba, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokali ɗaya. Kanwa ma tana cikin lissafi, musamman kunun kanwar da ake ɗura wa mai jego.

A ganina, babbar matsalar tana cikin bambancin sauƙi da warkewa. Mun saba da maganin da ake sha kwana uku a ajiye, don haka da awo ya nuna jini ya sauka sai mutum ya ce ya warke ya daina shan ƙwaya. Alhali maganin ne ya sauko da shi, kuma yawancin masu ciwon za su ci gaba da sha tsawon rayuwarsu. Idan aka daina, ɓarnar tana ci gaba a ɓoye cikin zuciya da ƙoda da ido da ƙwaƙwalwa, har ranar da za a wayi gari ɓarin jiki ya shanye, a ce iska ce ta buge shi. Ga mai ciki kuwa, hawan jini kan kai ga jijjiga, wadda ke iya halaka uwa da abin da ke cikinta.

Awon ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintoci, kuma ma'aikacin lafiya a ƙaramin asibitin gari yana iya yinsa. Mai shan magani da ke son yin azumin Ramadan sai ya nemi likita ya daidaita masa lokutan sha tsakanin buɗa baki da sahur, maimakon ya ajiye maganin wata guda.