Kiret ɗin ƙwai a bango ba ya tare ƙara

Shiga ɗakin matashi mai ɗaukar waƙa, ko wanda janareton maƙwabci ya hana barci, sau da yawa za ka tarar an manne bango da kiret ɗin ƙwai har silin. Wai don ya tare ƙara. Ba ya tarewa.

Abin da ya ruɗi mutane shi ne kamarsa da soson nan mai tudu da kwari na situdiyo. To shi kansa soson, aikinsa rage amsa-kuwwa a cikin ɗaki don murya ta fita tas, ba ya hana hayaniyar waje shigowa. Kwalin ƙwai kuwa ko wannan ɗin kaɗan yake yi. Ga saurin kama wuta, ga kyankyasai sun samu gida ba haya.

Abu biyu ke tare ƙara: nauyi da toshe kafa. In aka ninka nauyin bango, ƙarar da ke ratsa shi takan ragu da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), kwali kuwa nauyin me gare shi? Shi ya sa tsohon ginin ƙasa mai kauri ya fi ɗakin langa-langa shiru.

Da daddare ka kunna fitila a waje, ka rufe ƙofa, ka kashe ta ciki. Duk inda haske ya leƙo, nan ƙara ke bi. Ka yanka tsohon tif ɗin taya ka liƙa a gefen ƙofa, ka ɗura yashi a tsohuwar ƙafar wando ka tokare ƙasanta, ka cike tsagar jikin taga da siminti. Kwabar kaya kuma, a cike da tufafi, ka jingina ta da bangon da ya haɗa ka da maƙwabci.