Dangantakar Ƙwayoyin Cutar da ke Jikin Kaska da Ƙumar Bushiya

Bushiya, wadda Larabawan Sudan ke kira gunfud, tana yawo da kaska da ƙuma a gindin ƙayoyinta, inda bakinta da farcenta ba sa kaiwa. Cikin ire-irenta da ke Sudan akwai Atelerix albiventris, irin ta ƙasar Hausa, wadda manoma ke cin karo da ita a gonakin Gadarif da Mai Wurno, sai Paraechinus aethiopicus ta hamada, wadda ta bazu har Saudiyya. Kaskar da aka fi cirowa daga jikinsu ta jinsin Rhipicephalus ce, dangin kaskar kare.

A cikin waɗannan ƙwari ne ake samun bakteriya irin su Rickettsia da Bartonella da Coxiella. Da yake Rickettsia ba ta rayuwa sai a cikin ƙwayar halittar wani, rainonta a ɗakin gwaji yana da wuya, don haka masana sukan niƙe kaskar, su tace DNA, wato sinadarin gadon halitta, su karanta jerin harufan wasu sassa nasa, sannan su gwada da waɗanda aka adana a rumbun bayanan DNA mai suna GenBank. Sashen 16S rRNA, wanda Carl Woese ya yi amfani da shi a 1977 wajen rarrabe halittu, yana nuna zuriya ne kawai, domin 'yan gidan Rickettsia kusan duk kamarsu ɗaya a wurin. Bambance ɗan'uwa da ɗan'uwa sai an koma ga wasu sassan DNA masu suna gltA da ompA da ompB, waɗanda suka fi saurin sauyawa.

Abin da bishiyar nasabar da ake zanawa daga wannan gwadawa ke nunawa shi ne ƙwayar ta fi bin ƙwaron da ke ɗauke da ita, bushiya kuwa masauki ce. A jikin dabba guda, kaska na iya ɗaukar Rickettsia massiliae, ta rukunin zazzaɓi mai ƙuraje, wadda ta samo sunanta daga birnin Marsai na Faransa, ƙuma kuma ta ɗauki Rickettsia felis ko 'yar'uwarta R. asembonensis, wadda aka fara ganowa a Asembo ta ƙasar Kenya, su biyun a wani reshe dabam. Dalili kuwa shi ne uwar ƙwaro tana gadar wa 'ya'yanta ƙwayar ta cikin ƙwai, ko da ba su taɓa shan jinin mai ciwo ba.

Kusancin nasaba bai zama kusancin haɗari ba, kuma a nan ne gwajin gaggawa yake yaudara, idan bai bambance ɗan'uwa da ɗan'uwa ba. Kaska da yawa suna ɗauke da dangin Coxiella waɗanda ke samar musu da bitamin B, alhali Coxiella burnetii, mai jawo zazzaɓin Q, daga cikin wannan zuriya ta fito, kuma mutane sun fi ɗaukarta ta ƙurar garken awaki da tumaki a lokacin haihuwa. Zazzaɓin da Rickettsia ke haddasawa kuwa yakan yi kama da na cizon sauro, sai dai maganinsa doksisaikilin ne.