Tirelar ɗaukar motoci daga Tema zuwa Kumasi: abin da sikeli da 'yan sanda ke dubawa

Yawancin direbobin tirelar ɗaukar motoci suna ganin sikelin kan hanya ba nasu ba ne, na masu siminti da shinkafa ne. Akwai gaskiya a ciki, domin ƙananan motoci takwas ba su kai rabin nauyin lodin siminti ba. Amma sikeli ba jimillar nauyi kaɗai yake aunawa ba, kuma a nan ne ake kama mutane.

Hukumar manyan hanyoyi ta Ghana, GHA, ita ce mai tashoshin awon nauyi, irin na Doboro a hanyar Nsawam, da Boankra kafin a shiga Kumasi, da na wajen Offinso ga mai wucewa arewa. Dokar da ake aiki da ita ita ce Dokar Zirga-zirgar Hanya ta 2004, mai lamba 683, da ƙa'idojinta na 2012, wato L.I. 2180.

Da ka hau sikeli, aksil-aksil ake auna ka, wato kowane ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da na dama: na gaba, na bayan kan tirela, sannan na bodi. Kowanne da iyakarsa. Saboda haka kana iya zama ƙasa da jimillar da aka yarda, a ce maka aksil ɗaya ya yi nauyi. Land Cruiser ta kai tan biyu da rabi, Corolla kuwa ba ta kai tan ɗaya da rabi ba. In yaran lodi suka jera manyan jif uku a gaba, bisa bayan kan tirela, suka bar ƙananan a baya, nauyin ya taru a wuri guda. Ga kuma ɗabi'ar masu kaya ta cika motocin da tayoyi da injina da firji, wanda direba ba ya lissafawa. Hukuncin tara ce, kuma ba a sakin mota sai an rage ko an gyara lodin. Sauke mota daga bene na sama a bakin titi aikin yini ne.

Dalilin tsananin kuwa shi ne ɓarnar da aksil ke yi wa kwalta ba ta tafiya daidai da nauyi. In nauyin aksil ya ninka sau biyu, ɓarnar takan kai kusan ninki goma sha shida.

Tsawo zuwa sama ya fi cin masu wannan sana'a fiye da nauyi. Iyakar ita ce mita 4.5 daga ƙasa, har da kaya. Motar bas ko jif mai karfen kaya a rufi, in an ɗora ta a sama, cikin sauƙi take haura haka. Hanyar kuma cike take da gadojin ƙafa da wayoyin lantarki. A auna da sanda a Tema kafin a tashi, a wurin da ya fi tudu, bayan an gama ɗaure komai. Dogaye da masu nauyi a ƙasa, gajeru a sama. Wannan yana kuma rage lilo a kwana.

Binciken bakin hanya aikin 'yan sandan kula da zirga-zirga ne, wato MTTD. Za su nemi lasisin DVLA, hukumar ba da lasisin tuƙi, na ajin da ya dace, aji F ga babbar tirela, da takardar lafiyar mota, wadda ta motar haya wata shida take yi, da inshora. Sai tayoyi, fitilu, birki, tef mai ƙyalli a jikin bodi, alamar gargaɗi mai kusurwa uku da tukunyar kashe gobara. Ƙa'idojin 2012 sun kuma hana direban haya tuƙi fiye da awa huɗu a jere ba hutu.

Ɗauri ne jami'i ke gani tun daga nesa. Kowace mota a ja mata birkin hannu, a sa ta a giya, a tokare taya, a ɗaure tayoyin da bel mai matsewa a jikin bene. Bel ɗin da ya fara zarewa ko ya sha mai, a yar. Igiya ba ta wannan aiki. Girgizar hanya tana sassauta ɗauri, don haka a tsaya a ƙara matsewa tun kafin Nsawam, a sake dubawa a Nkawkaw.

Motocin da ke kan tirela su ma suna da nasu takardu. Lambar shasin kowacce ta yi daidai da takardar kwastan, harafi da harafi. Masu wucewa Burkina ko Nijar ta Paga, garin iyakar Ghana da Burkina, kayan wucewa ne a ƙarƙashin kwastan, da hanyar da aka rubuta musu, ba a kaucewa, ba a sauke ko ɗaya a Suame, unguwar kanikawa ta Kumasi, don wani ya taya. Tirelar da za ta ƙetare iyaka kuma tana bukatar katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa. A can ƙasashen renon Faransa ƙa'ida ta 14 ta shekarar 2005 ta ƙungiyarsu ta UEMOA ke aiki, wadda ta sa iyakar tan 51 ga tirela mai aksil shida, tsawo zuwa sama kuma mita huɗu, don haka lodin da ya wuce lafiya a Boankra yana iya tsayawa bayan Paga.