Sauyin hali a shekarun balaga ba lalacewa ba ne

Tun muna yara muke jin ana cewa da zarar yaro ya fara musu da manya, ya canza aski ko salon sa kaya, ya fi son hira da abokai a kan zaman gida, to shikenan ya lalace, wasu ma su ce an yi masa sammu. Iyayen da ke faɗin haka tsoro ne ke cinsu, kuma ba laifi.

Amma fa masana lafiya suna lissafa shekaru 10 zuwa 19 a matsayin lokacin da yaro ke neman sanin waye shi. Ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, mai kula da tsari da danne zuciya, sai wajen shekara 25 yake gama nuna, alhali ɓangaren son burgewa da jin daɗin yabon abokai tuni ya yi nisa, shi ya sa yau ka ji yana son zama likita gobe soja jibi ɗan ƙwallo. Gwaji yake yi.

Ka tambayi mahaifiyarka yadda kake a shekara 15, ka sha mamaki. Ka kuma tambayi malamin ajin ɗanka yadda yake a makaranta. In ya daina cin abinci ko barci, ya guji kowa har abokansa sama da sati biyu, ko ka ga alamar shaye-shaye, wannan daban ne, a kai shi asibiti.

Don Allah ku tura wa iyaye a guruf ɗinku.