Shiba: zaman makokin kwana bakwai a addinin Yahudawa

Shiba, wadda ake rubutawa Shiva, kalmar Ibrananci ce da ke nufin bakwai, kuma ita ce sunan zaman makokin da Yahudawa ke yi bayan binne mamaci. Ba kowane dangi ya hau kansa ba. Uwa, uba, ɗa, 'ya, ɗan'uwa, 'yar'uwa, da miji ko mata, su ne masu zama.

Wurin lissafi aka fi yin kuskure. Ba daga ranar rasuwa ake ƙirgawa ba, daga binnewa ne. Ranar da aka binne ita ce ta farko, ko da gab da faɗuwar rana aka gama, kuma ana tashi da safiyar rana ta bakwai bayan addu'ar safe, domin a ƙa'idarsu ɓangaren yini yana tsayawa a matsayin yini cikakke. Asabar, ranar hutunsu ta ibada, tana cikin lissafi, amma ba a nuna makoki a fili a ranar. Idan babban idi kamar Pesach ko Yom Kippur ya shigo bayan an fara zama, ya yanke shi ke nan. Idan kuwa a tsakiyar kwanakin idin aka binne, sai idin ya wuce sannan a fara zaman.

Abincin farko bayan dawowa daga maƙabarta ba daga tukunyar masu makoki yake fitowa ba. Maƙwabta ne ke kawowa, galibi burodi da dafaffen ƙwai. A gidan ana rufe madubai, a kunna kyandir mai cin kwana bakwai, masu makoki su zauna a kujeru 'yan ƙasa-ƙasa sanye da rigar da suka yaga: ɓangaren hagu idan iyaye ne suka rasu, dama ga sauran. Ba aski, ba takalmin fata, ba fita aiki, ba kwanciyar aure. Addu'ar Kaddish, wadda masu makoki ke karantawa, tana buƙatar mutum 10, a wurin 'yan Orthodox, masu riƙe dokokin addinin sau da ƙafa, maza zalla, shi ya sa jama'a ke zuwa gidan safe da yamma.

Mai zuwa gaisuwa shi ma da nasa ladabin, kuma ya sha bamban da namu da baƙo ke fara cewa "ya haƙuri". A nan shiga ake yi a zauna shiru har mai makoki ya buɗe baki, koyi da abokan Ayuba da suka zauna da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Malaman Yahudawa, rabbai, sukan ja kunne kan mayar da gidan wurin hira da ciye-ciye har mai makoki ya koma mai hidimar baƙi. Furanni ba al'ada ba ne, abincin da ba kosher ba kuwa, wato wanda dokar abincinsu ba ta halatta ba, yakan zama nauyi ga gidan da ke kiyaye dokar.

Da yawa daga cikin 'yan Reform a Amurka, ɓangaren da ya sassauta dokokin, sukan taƙaita zaman zuwa kwana uku ko ƙasa da haka. Bayan shiba sai shloshim, cikon kwana 30 daga binnewa, inda ake komawa aiki amma a guji bukukuwa. Wanda ya rasa uwa ko uba makokinsa wata 12 ne, Kaddish kuma wata 11 yake karantawa.